A Garejin Ozell, Titin Gratiot

Yaro, ajiye wayar nan, zauna kan tayar can.
Ka zo da hotuna uku kana tambayata wacce.
Shekara talatin da ɗaya ina kwance a ƙarƙashinsu,
kai fuska ka gani, ni ciki na sani.

Mustang ka fara nuna mini. Kowa da ita yake farawa.
A Detroit in ka jefa tsakuwa, bonet ɗinta za ta samu.
Ƙaramar, mai silinda huɗu, kuɗinta da dama-dama,
amma daren Asabar a Woodward, ka tsaya a danja,
mai takwas ya taka totur sau ɗaya a gefenka,
sai ka ji kamar ka zo biki da rigar aro.
Araha ba ta ado, haka aka ce.
To, Marguerite Dombrowski ba ta ji wannan karatun ba.
Nas ce, aikin dare take yi,
ƙaramar ta saya, ba ta sunkuyar wa kowa kai.
Shekara shida, baƙin mai nake canza mata,
birki sau ɗaya.
Ta zo, ta miƙo kofi, ta tafi.
Ba na cin ribar Marguerite.

Cleophus nake ci.
Cleophus Wardlaw ya sayi Challenger ja wur,
faffaɗa kamar falon gyatumarsa,
in ta yi gurnani karnukan layi gida suke shigewa.
Ya sa hannu a takardar banki, wata tamanin da huɗu,
inshora kaɗai ta kusa kamo kuɗin hayarsa.
Tayoyin baya ba sa kai shekara:
yana ƙona su a kwalta don yara su yi ihu,
yara su watse, hayaƙi ya watse,
shi kuma ya iso nan da aljihu a zazzage.
Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.
Ya kulle sitiyari da sandar ƙarfe,
ya riƙa barci da kunne ɗaya a taga,
amma wata asubar Janairu ya fito
ya tarar da baƙin fili mai siffar mota
a tsakiyar dusar ƙanƙara.
Bas yake hawa yanzu, bai gama da banki ba.
Na ce, Cleo, ka yi nadama?
Ya yi shiru, ya ce, Ozell,
ka taɓa jin muryarta a ƙarƙashin gada?

Camaro kuwa, sai dai ka nemi ta hannu.
Tana shago ana wuce ta,
an daina ƙera ta, makoki ya tashi.
A kwana ba ta da sa'a, tana bin hanya kamar zare a allura,
sai dai tagoginta leƙen ramin ɓera ne,
ja da baya kuma addu'a.
Renaldo Ybarra yana lulluɓe tasa tun Nuwamba
saboda gishirin titi, mai cin ƙarfe kamar gara.
Wata bakwai yana tuƙi,
wata goma sha biyu yana biya.

An kawo mini wata sabuwa makon jiya, mai batir.
Gudu kamar kiftawar ido,
rurinta kuwa ta lasifika yake fitowa.
Na ɗaga bonet na tsaya da sifana a hannu
kamar baƙon da ya ɓata gida.

Ni? Waccan akori-kurar mai tsatsa a gindi.
Ba mai waiwayenta, har ɓarawo.

Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.
Na yi ta magana, idonka bai bar jar ba.
Shi ke nan. Rubuta lambata.
Ƙarfe bakwai nake buɗewa.